Karatu Da Kunne: Wane Littafi, Wace Murya, Kuma Nawa Za Mu Biya?

Jawabin da kwamitin ilimi na ƙungiyarmu ya gabatar a taron wata-wata, a Sabo, Ibadan.



 

Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kai yau shi ne littattafan sauraro, wato littafin da wani ya zauna ya karanta da bakinsa aka ɗauki muryarsa, kai kuma ka saurara a waya ko a rediyo mai cin memori. Watakila wani ya ce a ransa, duk matsalolin da ke gabanmu, ga tsadar abinci ga kuɗin makaranta, sai a tara mu a kan tatsuniya? To, a yi haƙuri a ji dalili.

Dalilin farko a cikin gidajenmu yake. Tun shekarar 1916 aka kafa wannan unguwa ta Sabo, yau fiye da shekara ɗari ke nan. A cikinmu akwai wanda a nan aka haifi kakansa. 'Ya'yanmu suna jin Yarbanci kamar ruwa, suna jin Turancin makaranta da na bakin titi, kuma wannan ba laifi ba ne, arziki ne. Amma ku zauna da yaro ɗan shekara goma sha biyu ku jefa masa karin magana guda, ku ga yadda zai buɗe baki yana kallonku. Hausar ciniki da ta aike yana da ita. Hausar hira, ta zaurance da habaici da ba'a, ita ce take zubewa a hankali, kuma ba a koyar da ita a yawancin makarantun da yaranmu suke zuwa a nan.

Dalili na biyu, dattawanmu. Akwai wani tsoho a nan unguwar, fataken goro ne tun zamanin da ake loda shi a jirgin ƙasa, mutum ne mai son karatu ƙwarai, amma yanar ido ta raba shi da takarda. Da jikansa ya sa masa karatun wani tsohon littafi a waya, sai da ya kwana uku yana maimaita shi. Ya ce rabonsa da wannan labari tun yana elemantare. Irinsa suna da yawa, kuma akwai iyayenmu mata da ba su sami karatun boko ba amma sun fi kowa gane labari mai kyau.

Dalili na uku, aljihunmu. Jama'a suna kashe kuɗi a kan wannan abu, wasu ana cutarsu, su kuma marubutan da suka sha wahalar rubutawa ko sisi ba ya isa hannunsu. Saboda haka za mu kasa maganar gida uku: littattafan da muke ba da shawarar a nema, yadda ake gane mai karatu na ƙwarai, da kuma yadda za a samu da rahusa ba tare da an cuci kowa ba.

Kafin nan, ɗan taƙaitaccen tarihi

Karatu da kunne ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Da tatsuniyar kaka muka tashi, da karatun zaure inda malam yake ja almajirai suna bi. Da rediyo ta zo muka rungume ta hannu bibbiyu. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, Rediyon Kaduna kuma a 1962, kuma duk wanda ya girma a nan ya san yadda iyayenmu suke miƙe eriya da dare suna neman muryar gida. Daga baya kaset ya shigo, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, muka yi ta sauraron tafsiri da waƙa da wasan kwaikwayo, har da wasiƙar kaset da ake aiko wa mutum daga gida.

A can ƙasashen Turawa kuwa, makafi ne sanadin abin. Thomas Edison, wanda ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877, tun a lokacin ya ambaci karanta wa makafi littafi a cikin amfanin da yake hange. A 1934 aka fara rarraba littattafai a faifan garmaho domin makafi a Amurka, Ingila ta bi baya a 1935. Daga faifai aka koma kaset, daga kaset aka koma faifan CD, yau ga shi a waya. Kun ga ashe tausayi ne ya haifi wannan sana'a kafin ciniki ya shigo cikinta.

Kashi na ɗaya: wane littafi za a nema?

Shawararmu ita ce a fara daga tushe. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar da har gobe ake ji da su: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Waɗanda suka rubuta su sun tashi ne cikin hirar baka, don haka jimlolinsu sun fi daɗi a kunne fiye da a ido.

Ga gidan da ke da yara, babu kamar Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi uku da suka fito a ƙarshen shekarun 1930. Dalilinmu shi ne yadda aka gina shi. Aku ne yake ta ba ɗan sarki Musa labari bayan labari don ya hana shi fita daga gida ya faɗa tarkon Waziri. Kowane labari yana da farko da ƙarshe, ana iya jin guda bayan sallar isha'i a kashe, gobe a ɗora. Yaro ba zai gaji ba, kuma kowane dare zai kwana da sabuwar kalma biyu ko uku. In ya tambaya, a tsayar da wayar a yi masa bayani. Wannan tsayarwar ita ce makarantar.

Ga direbobinmu da masu rakiyar kaya, waɗanda suke bin hanyar Oyo, Ogbomosho, Ilori, Jabba, Makwa har Arewa, muna ba da shawarar Ruwan Bagaja. Labarin tafiya ne da ban dariya, Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta yi wa juna ƙulli, kuma daga Kwantagora ma mai labarin ya fito, garin da da yawanku kuke ratsawa. Ganɗoki kuma ya dace da mai son labarin yaƙi da kirari.

Shaihu Umar kuwa, mu mazauna nesa da gida ya fi shafa. Labarin yaro ne da aka sace aka sayar, aka ƙetare hamada da shi, uwarsa ta bar komai ta bi sawunsa. Wanda ya taɓa yin shekaru bai ga mahaifiyarsa ba, in ya saurari wannan littafi zai ji a jikinsa. An mai da shi fim a 1976, amma karatun ya fi fim ɗin faɗi. Ga samarinmu masu ganin birni shi ne aljanna, akwai Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, labarin saurayin da ya baro ƙauye ya shigo birni ya faɗa hannun miyagun abokai. Sunan littafin kaɗai ya isa wa'azi.

Iyayenmu mata da ƙannenmu, ba mu manta da ku ba. So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwahid yana cikin waɗanda suka yi nasara a gasar kamfanin NNPC, labarin Bafulatana ce da ta tsaya a kan wanda take so ko da yake ba ɗan ƙabilarta ba ne. Mu da muke zaune cikin wata ƙabila, muna aurayya da su, mun san nauyin wannan magana. Sai Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta bayan ya yi amarya, ta tashi ta riƙe kanta da sana'ar abinci. An fassara shi da Turanci an buga a Indiya a 2012. Muna roƙon maza ma su saurare shi, kada a bar wa mata kaɗai. Akwai kuma In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya yi tashe a farkon shekarun 1990, a kan 'yar masu kuɗi da ɗan talaka. Mai son gajerun labarai na wannan zamani ya nemi na gasar Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta, ana kuma karanta waɗanda suka yi fice a rediyo.

Ga ɗalibanmu masu son gyara Turancinsu, su ma akwai nasu. Things Fall Apart na Chinua Achebe, na 1958, an karanta shi. Americanah na Chimamanda Adichie, wata 'yar wasan kwaikwayo ta Ingila mai suna Adjoa Andoh ta karanta shi. Dabarar ita ce a riƙe littafin a hannu ana bi da ido, kunne yana jin yadda ake furta kalmomin.

Gargaɗi guda a nan. Ba duk abin da aka kira littafin Hausa ne ya kamata ya shiga tsakar gida ba. Akwai masu cike da batsa, kuma kunne ba shi da marfi. Littafin takarda yarinya ita kaɗai take karantawa, amma na sauraro in aka sake shi a sifika har na goye yana ji. Don haka uwa ko uba su fara saurara tukuna, kuma kada a tsaya a babin farko, a tsallaka tsakiya a ji.

Kashi na biyu: wace murya?

Jama'a, littafi mai kyau in ya faɗa bakin da bai iya ba, kamar tuwon shinkafa ne da miyar da ba gishiri. Ga abubuwa biyar da muke aunawa da su.

Na farko, karin sauti da jan wasali. Maƙwabtanmu Yarabawa suna sa alamomi a kan haruffa don a san inda murya za ta hau da inda za ta sauka. Mu a rubutunmu na yau da kullum ba ma sa wa. Saboda haka "gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya. Haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, haka "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, haka "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama. Mai karatu na ƙwarai idonsa yana gaba da bakinsa, ya riga ya fahimci jimlar kafin ya furta ta. Wanda bai iya ba sai ya kai ƙarshe ya ga ma'ana ta ɓaci, ya dawo baya.

Na biyu, haruffa masu lanƙwasa. Yawancin littattafan da ake rubutawa a waya yanzu ba a sa musu ƙugiya. Mai karatun da ba zai raba "ƙasa" da "kasa" ba, ko "ɓari" da "bari", to yaranmu za su ɗauki kuskuren su riƙe, tun da dama a nan ne Hausarsu take da rauni.

Na uku, numfashi. Ya san inda ake tsayawa, kada ya yi gudu kamar mai sanarwar cigiya, kada kuma ya ja kamar mai jin barci.

Na huɗu, raba muryoyi ba tare da wuce gona da iri ba. Ya isa a gane cewa yanzu sarki ne yake magana, yanzu kuma baransa. Amma ƙato ya matse murya yana kwaikwayon budurwa har awa goma, wannan azaba ce. Turawa sun ɗauki wannan da muhimmanci har suna ba da lambar yabo a kai. Michelle Obama ta karanta littafinta Becoming da bakinta, ta sami lambar Grammy a 2020. Trevor Noah na Afirka ta Kudu shi ma da kansa ya karanta Born a Crime, kuma abin da ya ƙara masa armashi shi ne yana juya harsunan ƙasarsu yadda masu su suke yi. Littattafan Harry Potter ma mutum biyu suka shahara da karanta su, Stephen Fry a Ingila da Jim Dale a Amurka, kuma masu sauraro sun daɗe suna gardamar wanda ya fi. Wannan ya nuna muku cewa murya rabin littafi ce.

Na biyar, tsabtar ɗauka. In kana jin janareto ko kukan akuya a baya, ko an sa kiɗa ya danne magana, ko kowane minti biyar sai an katse an yi tallar maganin gargajiya, to a nemi wani.

Akwai kuma sabon abu, wato muryar na'ura. Yanzu ana zuba wa kwamfuta rubutu ta karanta da murya kamar ta mutum. Tana ƙara gyaruwa, ba mu musa ba, amma inda take yawan tuntuɓe shi ne wurin karin sautin nan da muka faɗa, da kirari, da habaici. In kun ji murya ba ta numfashi, kuma dariya da kuka duk a ma'auni ɗaya take faɗarsu, to ku yi shakka. Babba zai iya gyara kuskuren a ransa, amma kada a ba yaro mai koyo.

Kada kuma mu raina karin harshen wani. Basakkwace in ya karanta da Sakkwatanci, ko Bakatsine, ko Bazazzagi, ko mutumin Damagaram, duk riba ce ga yaranmu su san Hausa tana da faɗi. A nan Sabo ai duk muna tare a sahu ɗaya.

Kashi na uku: nawa za mu biya?

To, ga inda gizo yake saƙa. Mu fara da data, tun da a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Ga lissafi mai sauƙi. Murya zalla, in an matse ta daidai yadda ya ishi magana, awa guda tana cin kimanin megabait 30. Littafin awa 10 ke nan megabait 300, gigabait guda kuma zai ɗauki sama da awa 30. Amma in ka tsaya kana sauraron littafin nan a bidiyon YouTube, kana biyan kuɗin hoton da ba ka kallo, kuma in ka so maimaitawa sai ka sake biya. Don haka a nemi na murya zalla. In dole sai bidiyo, a shiga saitinsa a rage ingancin hoton zuwa mafi ƙanƙanta, muryar za ta fita yadda ake bukata. A kuma yi amfani da garaɓasar datar dare wajen saukewa, a saurara da rana ba tare da an buɗe data ba.

Sai katin memori. Wannan mun gani da idonmu. Wani ɗan uwa ya sayi kati a wurin masu talla a bakin tasha, an rubuta masa gigabait 64, da araha kamar kyauta. Aka cika masa shi da littattafai, ya kama hanyar Arewa. Bai wuce Ilori ba karatu ya tsaya, sauran duk suna nan a rubuce amma ba sa buɗewa. Abin da ake yi shi ne, ƙaramin kati ne ake yi wa dabara ya riƙa nuna babban adadi, in ya cika sai sabon abu ya hau kan tsohon ya lalata shi. Araha ba ta ado. Gara ka sayi gigabait 8 na gaskiya a shagon da ka san mai shi, zai ɗaukar maka sama da awa 250. Kuma kafin ka bar wurin mai turawa, ka buɗe babin farko, na tsakiya da na ƙarshe. Ka tabbata littafin ya kai ƙarshe, don sau da yawa ana tura wa mutum rabi.

Sai masu sayarwa a WhatsApp da Telegram. Akwai na kirki, akwai macuta. Ka nemi a ba ka ɗanɗano tukuna. Ka tambaya, an kammala littafin ko ana kan yi? Kuɗin na littafin duka ne ko na wata guda? Kada ka tura kuɗi mai yawa ga wanda ba wanda ya san shi. Kuma duk wanda ya ce ka turo masa lambobin da aka aiko maka ta saƙon waya don ya sa ka a rukuni, ɓarawo ne, asusunka yake nema.

Ga masu sayen na Turanci, babbar kasuwarsu ita ce Audible, wadda aka kafa a 1995, kamfanin Amazon ya saye ta a 2008. A tsarinsu da aka fi sani, kana biya duk wata a ba ka tikitin ɗaukar littafi guda, kuma wanda ka ɗauka da tikiti ya zama naka ko ka daina biya. Dabara a nan ita ce ka kashe tikitin a kan dogon littafi mai tsada, gajere kuma ka jira ranar rangwame. Sukan ba sabon shiga gwajin kyauta, amma a kula, in kwanakin suka cika ba ka soke ba za su fara cirar kuɗi da kansu, kuma da kuɗin waje ake lissafin. Tun da aka saki Naira a 2023 kun san yadda wannan yake. Ka rubuta ranar a bango. Wanda ba ya son biyan ko kwabo ya nemi LibriVox, wadda aka kafa a 2005, inda 'yan sa kai suke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Kyauta ne kuma halal ne, sai dai muryoyin wani ya fi wani, sai an zaɓa.

Wani darasi kuma, duk abin da ka saya ka sauke shi ka ajiye in ana iyawa. Manhajar OkadaBooks, inda marubutan Hausa da yawa suke sayar da littattafansu, ta rufe a watan Nuwamban 2023. Kasuwar intanet ma tana tashi kamar kowace kasuwa.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi, kuma a yi mana afuwa in ta taɓa wani. Mu 'yan kasuwa ne. In wani ya ɗauki huhun goronka ko buhun albasarka ya sayar ya sa kuɗin a aljihu, sunansa ɗaya a wurinmu. To, marubuciyar da ta yi wata shida tana rubutu, wani ya karanta ya sa a intanet yana samun kuɗin talla, wani ya tura a memori ya karɓi nasa, ita ko godiya ba ta samu ba, wannan me za mu kira shi? A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, haƙƙin littafi yana nan muddin marubucin yana raye, da kuma shekara 70 bayan rasuwarsa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rasu a 1966, Abubakar Imam a 1981. Ku yi lissafi, za ku ga ko waɗannan tsofaffin littattafai ba su zama na kowa da kowa ba tukuna, balle na waɗanda suke raye. Dokar ta yi sassauci domin makafi da masu lalurar gani, bisa yarjejeniyar Marrakesh da Nijeriya ta amince da ita a 2017, amma wannan sassauci don a taimaka musu ne, ba ƙofar kasuwanci ba ce.

Saboda haka rahusa ta gaskiya ita ce ka biya kaɗan a hannun mai abu. Marubuta da yawa yanzu suna sayarwa da kansu, ko sun ba wani mai karatu izini. Ka tambayi mai karatun, da izinin marubucin ka yi? Wanda yake da izini ba ya jin haushin wannan tambaya.

Abin da muke roƙon ƙungiya

Ba mu zo da magana kawai ba, mun zo da roƙo uku.

Na ɗaya, a ware ɗan abin da ya sawwaƙa daga asusun ƙungiya a sayo waɗannan littattafai na takarda, na asali. Direbobinmu suna zuwa Zariya da Kano kowane mako, ba sai an biya kuɗin aike ba.

Na biyu, a sa rana guda a mako, bayan la'asar, matasanmu su riƙa karanta wa dattawa a zaure, 'yan mata kuma su karanta wa iyaye mata a cikin gida. Riba biyu ce. Tsoho ya sami hira, yaro kuma in ya karanta "gari" na tuwo a wurin "gari" na zama, nan take za a gyara masa. Ba mu san wata makarantar Hausa da ta fi wannan araha ba.

Na uku, in Allah ya sa muka sami masu murya a cikinsu, kuma muna da yaƙinin za a samu, sai ƙungiya ta rubuta wa marubuci ko kamfanin da ya buga littafin ta nemi izini a rubuce, a biya abin da aka daidaita, sannan a ɗauka. Ba a bukatar wani babban kayan aiki. Waya mai kyau, ɗaki mai labule da katifa don kada murya ta yi amsa-kuwwa, da lokacin da unguwa ta yi shiru, sun isa a fara.

Daga ƙarshe, jan kunne ga 'yan uwanmu direbobi da 'yan acaɓa. Kada a toshe kunne biyu da abin sauraro a kan titi. Mai mota ya sa a sifika, kuma in barci ya zo, labari ba ya maganinsa, a faka a huta. Ɗan acaɓa kuwa ya bari sai ya sauka. Yaranmu ma a hana su ƙure ƙara a kunne, don ji in ya tafi ba ya dawowa.

Ranka ya daɗe, iyayenmu da 'yan uwa, iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan. Kakanninmu sun zo garin nan da goro da shanu, suka riƙe harshensu har suka miƙa mana. Muna fata kada a ce a hannunmu ya faɗi. Wanda yake son sa sunan ɗansa ko 'yarsa cikin masu karatun mako, ya ga sakataren kwamiti bayan an tashi. Inda muka yi daidai Allah ya ba mu lada baki ɗaya, inda muka yi kuskure a gyara mana, don mu ma ɗalibai ne.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya albarkaci kasuwanninmu da zuriyarmu, ya kai matafiyanmu gida lafiya.